Yabon da ake saya a waje a sayar a gida: batun farfagandar Koriya ta Arewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda hotuna da bidiyoyin da gwamnatin Koriya ta Arewa take shiryawa musamman saboda mutanen ƙasashen waje suka samu kasuwa a shafukan Hausa na Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, har ta kai wasu matasanmu suna kallon shugaban ƙasar, Kim Jong Un, a matsayin gwarzon da ya kamata shugabannin Afirka su yi koyi da shi. Sai ka ga an ɗora faretin soja a dandalin Kim Il Sung da ke Pyongyang, babban birnin ƙasar, dubban sojoji suna buga ƙafa a lokaci guda, manyan motoci suna jan makamai masu linzami, a ƙasa kuma an zuba kirari cewa ga namijin duniya wanda Amurka take shakka. Ba na zargin masu yin haka da mugun nufi, domin yawancinsu takaicin halin da ƙasashenmu suke ciki ne yake ɗibarsu. Abin da nake so su gane shi ne, a wurin wannan gwamnati yabon baƙo haja ce da ake nema da kuɗi, a sarrafa ta, sannan a mayar da ita cikin gida a nuna wa talakan da ba shi da ikon jin wata murya dabam.

Wannan sana'a ba yau aka fara ta ba. An kafa kamfanin dillancin labaran gwamnati, KCNA, tun a shekarar 1946, kafin ma a ayyana ƙasar a 1948. Gidan rediyon da yake watsa shirye-shirye zuwa waje a gajeren zango, wanda a da ake kira Rediyon Pyongyang, aka kuma sauya masa suna zuwa Muryar Koriya a 2001, yana magana da Turanci da Faransanci da Larabci da Rashanci da Sinanci da wasu harsunan. Akwai jaridar Pyongyang Times ta Turanci da ake bugawa tun 1965, akwai kuma maɗaba'ar harsunan waje wadda aikinta shi ne fassara jawaban shugabanni da tarihin rayuwarsu ana rarrabawa kyauta ta ofisoshin jakadanci.

Amma abin da ya fi bayyana manufar wannan aiki shi ne abin da aka riƙa yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1970. A wancan lokaci gwamnatin Kim Il Sung, shugaban ƙasar na farko kuma kakan Kim Jong Un, ta riƙa biyan maƙudan kuɗi tana sayen shafi sukutum a manyan jaridun Amurka da Ingila, irin su New York Times, ana buga hoton shugaban da dogayen jawabansa a matsayin talla. Babu mai hankalin da zai yi zaton mutumin birnin New York zai zauna ya karanta irin wannan dogon jawabi har ya sauya ra'ayi, kuma masu biyan kuɗin ma sun san da haka. Ribar tana can gida, domin bayan an buga sai kafofin labaran ƙasar su sanar da jama'a cewa manyan jaridun duniya sun wallafa tunanin shugaba, ba tare da an faɗa musu cewa filin talla ne aka saya ba. Lamarin ya yi kama da mutumin da zai ɗauki hayar maroƙa su yi masa kirari a bakin kasuwa, sannan ya koma gida ya tara iyalinsa, waɗanda ya hana fita ko ƙofar gida, ya ce musu su saurara su ji yadda gari yake yabonsa.

Haka aka yi da aƙidar Juche, wadda ake gabatarwa a matsayin falsafar dogaro da kai. An kafa ƙungiyar nazarinta ta farko a ƙasar waje a Mali cikin 1969, an yi babban taro a kanta a Antananarivo ta Madagaska a 1976, sannan aka buɗe cibiyarta ta duniya a Tokyo a 1978. Aka riƙa gayyatar malaman jami'a da 'yan jarida da 'yan ƙwadago daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, a biya musu kuɗin jirgi da masauki, a zaga da su wuraren da aka zaɓa, su kuma su yi jawabin godiya a gaban na'urar ɗaukar hoto. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasar a 1976, kuma har yanzu idan ranar haihuwar ɗaya daga cikin shugabannin ta zagayo, KCNA takan kawo labarin saƙon taya murna daga wata ƙungiyar nazari ko ta abota da ke Nijeriya. Mai karatu a Kano ko Zariya zai iya shekara da shekaru bai taɓa jin sunan irin waɗannan ƙungiyoyi ba, amma mai karatu a Pyongyang ana gabatar masa da su kamar muryar ƙasa ce guda mai mutum sama da miliyan 200.

Wanda ya ga hotunan hasumiyar Juche zai fahimci abin da nake nufi. An kammala ta a 1982 domin bikin cikar Kim Il Sung shekara 70, tsayinta mita 170, tana tsaye a bakin kogin Taedong da siffar harshen wuta ja a samanta. A gindinta akwai bango da aka lilliƙa wa ƙananan allunan dutse masu launi daban-daban, kowane da sunan wata ƙungiya ta ƙasar waje da kwanan wata, wasu da Turanci, wasu da Faransanci, wasu da wasu harsunan. Ɗan makarantar da aka kawo ziyara ba ya iya karanta yawancin rubutun, kuma ba a buƙatar ya karanta. Ganin baƙin haruffa kawai ya isa ya cusa masa cewa duniya ta sallama wa shugabansa. A tsaunin Myohyang kuma akwai gidan adana kyaututtuka da aka buɗe a 1978, inda ake sa baƙo ya rufe takalminsa da wani mayafi kafin ya taka daɓen. A ciki akwai taragon jirgin ƙasa daga Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, da wani daga Mao, shugaban ƙasar Sin, akwai gawar kada da aka busar aka tsayar da ita tana riƙe da faranti, kyauta daga Nikaraguwa, akwai kuma ƙwallon kwando mai sa hannun Michael Jordan wadda sakatariyar harkokin wajen Amurka Madeleine Albright ta kai a shekarar 2000. Kyauta tsakanin shugabanni al'ada ce a ko'ina, amma a nan an mayar da ita hujjar mubaya'a.

Sai a duba ɗaya ɓangaren. Ƙasar da take magana da duniya da harsuna da dama ba ta yarda ɗan ƙasarta ya ji duniya da harshe ko ɗaya ba. Akwatunan rediyo da talabijin da ake sayarwa a hukumance a ɗaure suke a kan tashoshin gwamnati, kuma kwance su laifi ne. Talaka ba shi da intanet, sai wata kafa ta cikin gida mai suna Kwangmyong wadda hukuma take tace duk abin da ke cikinta. A watan Disamba na 2020 an kafa dokar da ta tanadi hukunci mai tsanani, har da kisa, ga masu yaɗa finafinai da waƙoƙin Koriya ta Kudu. Mutum ba ya barin lardinsa zuwa wani sai da takardar izini. Matashin da yake zaune a Sabon Gari yana zagin gwamna a wayarsa da safe, da yamma kuma ya yabi Kim Jong Un, ya kamata ya sani cewa abu na farkon da ya yi, da a can ne, zai iya jawo masa ɗauri shi da iyayensa da 'ya'yansa, domin ana hukunta dangi da laifin mutum ɗaya.

Akwai wani batu da ya kamata ya taɓa zuciyar mai karatu Musulmi ko Kirista. A 1988, ana shirin karɓar babban bikin matasa da ɗalibai na duniya da aka yi a Pyongyang a watan Yuli na 1989, wanda shi kansa martani ne ga gasar Olamfik da Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ta karɓa, aka buɗe cocin Bongsu da na Changchung a babban birnin. Waɗannan su ne ake kai baƙi su gani idan sun yi tambaya a kan 'yancin addini. Masallacin da aka sani a ƙasar yana cikin harabar ofishin jakadancin Iran, kuma jami'an diflomasiyya da sauran baƙi ne suke salla a cikinsa. A wajen waɗannan gine-gine, samun mutum da littafin addini ko yana ibada a ɓoye babban laifi ne na siyasa, yayin da aka wajabta wa kowane gida rataye hotunan Kim Il Sung da ɗansa Kim Jong Il, mahaifin Kim Jong Un, da goge musu ƙura, ana kuma kai jama'a su rusuna a gaban manyan mutum-mutuminsu na tagulla a tudun Mansu. Ina mamakin yadda wanda ba zai yarda ya rusuna wa gunki ba yake yi wa irin wannan tsari kirari.

A 'yan shekarun nan salon ya sauya, domin masu shirya shi sun gane cewa dogon jawabi ba ya jan hankalin masu riƙe da waya. Sai aka fara ganin tashoshi a YouTube da aka yi wa kamannin na talakawa. A 2022 wata yarinya da aka ce sunanta Song A, mai shekara 11, ta bayyana tana magana da Turanci irin na mutanen Ingila, tana nuna wuraren wasan yara na Pyongyang, wata budurwa kuma da ake kira YuMi tana shiga kanti ta buɗe firji ta zaɓi abin sanyi ta sha a gaban kyamara, tana murmushi. Babu tuta, babu makami, babu zagin kowa, kuma wannan shi ne ƙarfin abin. Sai dai tambaya ɗaya ta isa ta warware shi: a ƙasar da ba a ba talaka intanet ba, wa ya ba yarinya 'yar shekara 11 damar buɗe tasha a YouTube, wa ya ɗauki hoton, wa ya tace shi, wa ya ɗora? Kamfanin YouTube ya rufe waɗannan tashoshi a tsakiyar 2023, amma gutsattsarin bidiyoyin suna nan suna yawo, an cire musu asali, wasu har an ɗora musu muryar Hausa ana cewa ga gaskiyar da Turawa suke ɓoyewa. Wuraren da ake nunawa na gaske ne, ba zane ba ne, amma Pyongyang birni ne da ba kowa ake bari ya zauna a cikinsa ba sai wanda aka tantance biyayyarsa da ta zuriyarsa.

Abin da ba a nunawa shi ne mafi nauyi. Tsakanin 1994 da 1998 an yi yunwa a ƙasar, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet ta yanke mata man fetur da takin zamani mai rahusa, ambaliya ta biyo baya, tsarin rabon abinci na gwamnati kuma ya durƙushe. Masu bincike sun saɓa a kan adadin waɗanda suka mutu, amma ko masu taka-tsantsan a cikinsu suna maganar dubban ɗaruruwa, wasu kuma suna kai shi sama da miliyan. Ƙasar da take wa'azin dogaro da kai ta nemi agajin Hukumar Abinci ta Duniya a 1995, kuma a shekarun baya-bayan nan fiye da kashi 90 cikin 100 na cinikinta na waje da ƙasar Sin take yi. A watan Fabrairu na 2014 kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin tsohon alƙali Michael Kirby na Ostireliya, tare da Marzuki Darusman, tsohon babban lauyan gwamnatin Indunusiya, ya fitar da rahoto bayan sauraron shaidu sama da 80 a bainar jama'a da wasu fiye da 200 a asirce. Rahoton ya ƙiyasta cewa akwai fursunonin siyasa tsakanin 80,000 da 120,000 a sansanoni, ya kuma ce an aikata laifukan cin zarafin bil'adama. Gwamnatin ta ƙaryata, amma ta hana kwamitin shiga ƙasar ya gani da idonsa.

Mu 'yan Afirka muna da namu dalilin na yin hattara. Kamfanin gwamnatin ƙasar mai suna Mansudae shi ne ya gina katafaren mutum-mutumin nan na tagulla da ke kan tudu a Dakar, mai tsayin kusan mita 50, na namiji da mace da yaro yana nuni da hannu, wanda Shugaba Abdoulaye Wade ya ƙaddamar a watan Afrilu na 2010 duk da adawar limamai da masu ganin an ɓarnatar da dukiya. Shi ne ya gina maƙabartar gwarazan ƙasa a Namibiya, ya kuma yi irin waɗannan ayyuka a Zimbabuwe da Mozambik da Kwango, har sai da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta sayen mutum-mutumi daga ƙasar a 2016, saboda hanya ce ta samun kuɗin waje. Ana gabatar da wannan duka a matsayin zumuncin masu yaƙi da mulkin mallaka. Amma a cikin wannan zumunci ne sojojin Koriya ta Arewa fiye da ɗari suka isa Zimbabuwe a 1981 suka horar da Runduna ta Biyar, wadda daga 1983 aka tura yankin Matabeleland, inda aka kashe fararen hula da yawanci ake ƙiyasta su da kusan 20,000. Wannan babin ba ya cikin mujallun da ake rabawa kyauta.

Dole ne in yi adalci, domin farfagandar da ba ta da ƙwayar gaskiya a cikinta ba ta daɗewa. A yaƙin 1950 zuwa 1953 tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu, jiragen Amurka sun zuba fiye da tan 600,000 na bama-bamai a zirin Koriya, suka mayar da yawancin biranen arewa kufai, kuma har yau yarjejeniyar tsagaita wuta kawai ake da ita ba ta zaman lafiya ba. Gaskiya ne kuma ƙasar ba ta amince da Isra'ila ba, ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, ta kuma tura matuƙa jiragen yaƙi su taimaki Masar a yaƙinta da Isra'ila na 1973. Waɗannan su ne suke sa zukatan mutanenmu su karkata, kuma na fahimci hakan. Sai dai ba a faɗa wa masu sauraro cewa dakarun arewa ne suka tsallaka iyaka ranar 25 ga Yuni 1950, bayan Kim Il Sung ya samu amincewar Stalin kamar yadda takardun Sobiyet da aka buɗe a shekarun 1990 suka nuna. Zaluncin da aka yi wa kakanni ba ya halatta wa jika ya kulle jama'arsa, kuma goyon bayan Falasɗinawa ba ya wanke wanda yake azabtar da nasa mutanen. Ba ni da wata ƙiyayya ga mutanen ƙasar. Mu nan mun san su a matsayin likitoci, kuma har yanzu ina jin zafin kisan gillar da aka yi wa uku daga cikinsu a Potiskum a watan Fabrairu na 2013, alhali sun zo ne domin kula da marasa lafiyarmu.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafofin labaran duniya sun taimaka wa wannan farfaganda ƙwarai ta hanyar yaɗa duk wani labarin ban mamaki da aka jingina wa ƙasar ba tare da bincike ba. Bayan an kashe Jang Song Thaek, mijin gwaggon Kim Jong Un, a watan Disamba na 2013, an yi ta yayata cewa karnuka 120 aka sakar masa, daga baya aka gano cewa labarin ya samo asali ne daga wani rubutun barkwanci a shafin sada zumunta na ƙasar Sin. A shekarar ce aka ce an harbe mawaƙiya Hyon Song Wol, sai ga ta a talabijin a 2014, har ta jagoranci tawaga zuwa Koriya ta Kudu a 2018. A watan Afrilu na 2020 aka cika duniya da cewa Kim ya mutu ko yana gargara, sai ya fito yana buɗe masana'antar taki a farkon Mayu. Duk lokacin da irin wannan ƙarya ta tonu, masu kare gwamnatin sukan samu abin riƙewa, su ce ai batun sansanoni da yunwa ma ƙarya ce, alhali waɗannan an tabbatar da su da shaidun waɗanda suka tsira da kuma hotunan tauraron ɗan'adam.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona gare ka da abokan aikinka a fili yake. Idan za ku kawo labari daga KCNA, ku rubuta wa mai karatu ƙarara cewa bakin gwamnati ne, kuma babu wata kafa mai zaman kanta a ƙasar da za ta iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. Idan labarin daga wata jaridar Koriya ta Kudu ne wadda ta dogara da majiya ɗaya da ba a ambaci sunanta ba, shi ma ku faɗa, ku kuma jira kafin ku mayar da shi babban kanu. Idan hoton fareti ko na sabuwar unguwa za ku buga, ku sa a ƙasansa wanda ya ɗauka da wanda ya raba shi, domin kusan duk hoton da yake fitowa daga can ya bi ta hannun hukuma, kuma ko 'yan jaridar waje da ake bari su shiga, masu rakiya na gwamnati ba sa rabuwa da su. Ina kuma ba da shawarar ku ware fili ku fassara wani sashe na shaidar da mutanen da suka tsere suka bayar a gaban kwamitin 2014, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a fili, ku kuma gayyaci malaman sashen kimiyyar siyasa da na tarihi daga jami'o'inmu su yi sharhi a kai. Mutum sama da 30,000 ne suka tsere zuwa Koriya ta Kudu tun bayan yunwar, mafi yawansu mata, kuma masu karatun Hausa sun sha ganin makaman shugaban amma ba su taɓa jin ta bakin ko ɗaya daga cikinsu da harshenmu ba.

Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Naka mai karatu,
daga Zariya, Jihar Kaduna